Tsohuwar amfilifaya ko ta zamani: wacce ta fi daɗin sauti?

Sadiq_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana kayan sauti. Akwai amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta aika wa lasifika, ƙirar Sansui AU-717 da na gada wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, har yau tana aiki. Kwanan baya na ziyarci wani abokina a Abuja wanda ya zuba miliyoyi ya haɗa kayan sauti na zamani. Muka saurari wani faifai da nake da irinsa a gida. Gaskiya sautin nasa tas yake, ana jin komai, har numfashin mai waƙa. Amma ban ji daɗinsa kamar yadda nake jin nawa ba. Nawa yana da nauyi da ɗumi, kalangu yana fitowa da jikinsa, nasa kuwa na ji shi a bushe. Shin da gaske kayan da sun fi na yanzu sauti, ko kunnena ne ya saba? Kuma in mutum yana da hali, gyara tsohuwa ya fi ko sayen sabuwa?

Alhaji_Faifai:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Mu da muka ga lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, muka ga yadda ma'aikata suka yi ta kwasar Sansui da Pioneer da Kenwood da Akai, mun san abin da ake kira kayan sauti. A shekarun nan kamfanonin Japan gasa suke yi da juna, kowa yana so ya nuna shi ne gwani. Pioneer ta fitar da SX-1980 a 1978, wat 270 kowane ɓangare, nauyinta kilo 35. Technics ta amsa da SA-1000 mai wat 330. Ka ɗaga irin waɗannan ka ji, taransifomar ciki kaɗai ta fi wasu amfilifayoyin yanzu nauyi gaba ɗayansu. Kada ka yarda wani ya raba ka da abin da mahaifinka ya bar maka.

Kamal_Jos:
Alhaji ya gama magana. Marantz 2270 nake amfani da ita, ban taɓa jin wani sabon abu da ya kama ƙafarta ba.

Injiniya_Bashir:
Ranka ya daɗe Alhaji, ban musa maka ingancin ƙirar ba, amma nauyi ba shi ne sauti ba. Kafin mu yanke hukunci ina so in tambayi Malam Sadiq abu uku. Lasifikar da ka saurara a Abuja iri ɗaya ce da taka? Ɗakin nasa yaya yake, akwai kafet da labule ko tayil ne zalla? Sannan ka duba gaban Sansui ɗinka, akwai wani maɓalli da aka rubuta loudness a kai, a kunne yake ko a kashe?

Sadiq_Gwale:
Lasifika ba iri ɗaya ba ce. Tawa manya ce irin ta da, mai akwatin katako, tasa siriri ce doguwa. Falonsa tayil ne da gilasai, nawa ɗakin akwai kafet da kujerun kushin. Maɓallin nan kuwa yanzu na je na duba, a kunne yake. Ina jin tun zamanin Baba haka yake, ban taɓa taɓa shi ba.

Injiniya_Bashir:
To ka gani. Ba amfilifaya biyu ka gwada ba, ɗaki biyu da lasifika biyu ka gwada, sannan ɗaya an ƙara mata bes, wato kaurin sauti.

Bari in yi bayanin maɓallin nan, don mutane da yawa ba su san aikinsa ba. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunnen ɗan'adam ke ji, suka gano cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kunne ba ya kama kaurin sauti sosai kamar yadda yake kama na tsakiya inda muryar mutum take. Saboda haka masu ƙera amfilifaya suka sa wannan maɓalli ya riƙa ɗaga bes idan ka rage ƙara, a wasu ma har da ɗan tirebul, wato siririn sauti na sama. Yawancin kayan zamani masu tsada sun cire shi, wasu ma ba su da wurin ƙara bes da tirebul kwata-kwata, don masu su suna so sauti ya wuce yadda aka naɗe shi. Wannan nauyin da kake ji a kalangu, ina kyautata zaton kaso mai yawa daga nan yake.

Baba_Mai_Rediyo:
Ni tun ina saurayi nake gyaran waɗannan kaya a Kaduna, kuma akwai abin da ba a faɗa ba tukuna. Sansui ɗin da Sadiq ke ji yau ba ita ce wadda ta fito daga kwali a 1977 ba. A cikinta akwai kafasitoci, wato 'yan kayan da ke adana wuta, masu ruwa-ruwa a ciki, da shekaru ruwan yana bushewa. Ƙa'idar da muka sani ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. Ku lissafa da zafin Kano a watan Afrilu, cikin ɗakin da ba iska, na'ura kuma tana fitar da nata zafin. Idan suka tsufa, bes yakan saki ya yi taushi, saman sauti ya dushe, wani lokaci a ji ɗan gurnani a ƙasa. Mutane da yawa abin da suke kira ɗumi, tsufa ne.

Akwai kuma wani gam da aka riƙa liƙa manyan kafasitoci da shi a kayan wancan zamani. Da farko ruwan ɗorawa ne, in ya tsufa sai ya koma baƙi-baƙi ya fara cin ƙafafun abin da ke kusa da shi. Duk wadda aka kawo mini, shi nake fara dubawa. Ɗana Sadiq, ko ba ka ji matsala ba, ka kai ta a buɗe, a auna wutar da ke zubowa bakin lasifika ba tare da waƙa ba. Ya kamata ta zama 'yar mitsitsiya. Idan ta yi yawa, wata rana lasifikarka ce za ta ƙone.

Alhaji_Faifai:
Malam mai gyara, na yarda da kai a kan tsufa. Amma tawa an canza mata kafasitoci duka, an daidaita ta, kuma har yanzu ta fi mini na yanzu. To wannan kuma me za a ce? Sannan wat ɗin da wat ne na gaskiya. Yanzu sai ka ga akwatin roba an rubuta masa wat 5000, ka ɗaga shi da yatsa biyu.

Injiniya_Bashir:
A nan kana da gaskiya, Alhaji. A 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa duk wanda zai rubuta wat a jikin amfilifaya, sai ya faɗi ƙarfin da za ta iya riƙewa ba tsayawa, ɓangarorin biyu suna aiki tare, kuma sai an fara gasa na'urar na tsawon awa ɗaya kafin a auna. Shi ya sa wat 85 na AU-717 wat 85 ne. Wancan da ake rubuta PMPO a jiki kuwa lissafin talla ne kawai.

Sai dai tambayar Sadiq ba a kan akwatin roba na kasuwa take ba, a kan kayan zamani masu daraja ne. SX-1980 da ka ambata dala 1,295 aka sayar da ita a lokacin, wanda a kuɗin yau ya haura dala dubu shida. Adalci shi ne a gwada ta da abin da ke wannan farashin yanzu. Kuma mu tuna, a wancan zamanin ma an yi tarkace da yawa. Sun mutu an zubar, masu kyau ne suka rage a hannunmu, sai muke ganin kamar duk kayan da haka suke.

Wani abu kuma da ke ruɗar mutane: tsofaffin nan an yi su ne don ƙaramin sigina, wajen milibolt 150 ya ishe su. Na'urar CD kuwa bolt 2 take fitarwa. Shi ya sa da ka ɗan murɗa kaɗan sai gida ya ɗauka, mutum ya ce kai, ko kwata ban kai ba. Ba ƙarfi ne ya fi yawa ba, ta kusa ƙurewa ne tun da wuri.

Maman_Ilham:
Ni ban san lissafin wat ba, amma ina da abin faɗa. Mun tashi a gidanmu da irin wannan rediyon mai fuskar azurfa da koren haske. Maigidana ya sayo na zamani mai tsada, kuma na yarda ya fi fitar da komai dalla-dalla. Abin da na lura shi ne, na zamanin ba na iya daɗewa ina saurare, kunnena yakan gaji. Tsohon kuwa sai a wuni ana karatun Alƙur'ani ko shirin rediyo ban ji komai ba. Wannan gajiyar ba a kaina na ƙirƙiro ta ba.

Nura_Sauti:
Hajiya, gajiyar gaskiya ce, mu da muke wuni a situdiyo mun san ta. Ina aikin haɗa sauti a Kano, kuma abin da zan ce shi ne laifin yakan zama na abin da aka naɗa, ko na ɗakin. Waƙoƙin yanzu da yawa ana matse su ne don su yi ƙara a waya da cikin mota, saman sautin ya yi kaifi. Na'ura mai gaskiya za ta miƙo miki kaifin nan yadda yake. Tsohuwa mai ɗan dushewa za ta rufa masa asiri. In aka haɗa da falo mai tayil da siminti, inda sauti ke dukan bango yana dawowa, to dole kunne ya gaji.

A wurin aiki ba zan iya amfani da tsohuwar amfilifaya ba, don ina bukatar in ji kuskurena. Lasifikar da muke aiki da ita ma amfilifayarta a cikinta take. Amma ga abin da zai ba ku mamaki: bayan mun naɗi murya tsaf, mukan dawo mu ƙara mata ɗan gurɓata irin ta bawul, wato ƙwan gilashin da rediyon da ke aiki da shi kafin zuwan tiransista, da gangan, da manhajar kwamfuta, saboda ta fi daɗi a kunne. Bawul yakan ƙara wani amo da ke ninki biyu na asalin sautin, kunne kuma yana karɓarsa a matsayin kauri. Kamar daddawa ce a miya, kaɗan ta gyara, in ta yi yawa ta ɓata. Bambancin kawai, ni ina zuba ta inda nake so, tsohuwar na'ura kuwa kowace waƙa sai ta zuba mata.

Kamal_Jos:
To ai ka ga kai da bakinka ka ce ta fi daɗi. Mu daɗin muke nema, ba takardar awo ba.

Nura_Sauti:
Ban hana ka ba, Malam Kamal. Amma Marantz ɗinka ta tiransista ce, ba bawul ba, kuma in lafiyarta ƙalau gurɓatarta ba ta kai yadda kunne zai kama ba. Abin da kake so a cikinta wataƙila wani abu ne daban.

Habu_Nagoya:
Ina zaune a Japan, ina harkar kayan gwanjo, kuma irin waɗannan na'urori suna ratsa hannuna. Abu biyu zan ƙara.

Na farko gargaɗi ne. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka 120, a Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Wadda aka yi don kasuwar cikin Japan ba ta da wurin sauya wuta a baya. Na san wanda aka aiko masa da wata mai kyau, ɗoki ya sa ya soka ta a bango kai tsaye, ko minti ɗaya ba ta yi ba hayaƙi ya tashi. Duk wanda ya sayi ta gwanjo, a Alaba ne ko a Sabon Gari, ya karanta abin da aka rubuta a baya kafin komai. In 100 ce ko 120, sai da taransifomar rage wuta, kuma mai girma, ba 'yar ƙarama ta cajin aski ba.

Na biyu, ana magana kamar an daina yin irin na da. Ba a daina ba. Luxman tana nan tun 1925. Accuphase, wadda waɗanda suka kafa Trio, wato Kenwood, suka buɗe a 1972, har gobe tana yin manyan amfilifayoyi masu nauyi da allurar mita a gaba. Yamaha ma tana yi. Tsarin cikinsu jikan na shekarun 1970 ne, an dai ƙara tsafta da kayan haɗi masu kyau. Don haka in an ce na zamani, sai a tambaya wanne, don ba abu ɗaya ba ne.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni matsalata ba ta kunne ba ce, ta wuta ce. A sola nake, batir biyu gare ni. Na taɓa riƙe tsohuwa babba, ko ba a sa komai ba tana shan wuta tana ɗumama ɗaki, a garin da zafi ya riga ya ishe mu. Yanzu wata 'yar ƙarama nake amfani da ita, mai tsarin da ake kira Class D wanda ba ya cin wuta sosai, girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba, ko ɗumi ba ta yi. Da lasifika mai kyau na haɗa ta kuma wallahi ban ji na rasa komai ba.

Alhaji_Faifai:
Waɗannan ƙananan ai na yara ne. Sautinsu kamar ana buga gwangwani.

Injiniya_Bashir:
Shekaru ashirin da suka wuce da na goyi bayanka, Alhaji. Na farko-farkon suna da kaifi, kuma sautinsu yana canzawa gwargwadon lasifikar da aka haɗa musu. Amma an wuce nan. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, ya yi aiki a kan wannan matsala, daga kamfanin Hypex har zuwa Purifi, kuma abin da suke fitarwa yanzu gurɓatarsa da hayaniyarsa sun yi ƙasa da na kowace amfilifaya ta shekarun 1970. Manyan kamfanoni masu tsada suna sayen allunan nan suna sa wa a cikin nasu akwatin. Ga kuma lissafin da ya shafi ɗan'uwanmu na Damagaram: Class D tana miƙa wa lasifika kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta sha. Class AB, irin su Sansui, ko a takarda ba ta wuce kashi 78 da rabi, a zahiri kuma ƙasa da haka sosai. Class A ta fi kowa ɓarna, yawancin wutar zafi take zama.

Auwal_Sola:
Tunda an zo maganar sola, don Allah a kula da irin inbata. Mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul tana sa taransifomar tsohuwar amfilifaya kuka da zafi, kuma za ka ji zzz a lasifika. A nemi wadda aka rubuta pure sine wave. Ƙaramin janareta ma haka, wutarsa hawa da sauka take.

Dan_Damagaram:
Haka ne. Malam Auwal, sitabilaiza tana maganin wannan?

Auwal_Sola:
Tana maganin hawa da sauka, ba ta gyara siffar wutar. In inbatar ce ba ta da kyau, sai dai a canza ta.

Malam_Tukur:
Mu dawo kan tambayar Sadiq, don an taɓa gwada wannan abu a fili, ba sau ɗaya ba. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta tara masu saurare, ta jera amfilifayoyi tun daga wata Pioneer ta wajen dala 200 har zuwa Futterman ta bawul mai dala 12,000. Da suna ganin abin da ke aiki, kowa yana bayyana bambanci. Da aka daidaita ƙarar ta zama ɗaya aka ɓoye musu wacce ce ke aiki, amsoshinsu ba su fi na mai canki-canka ba.

Kafin nan, a 1985, Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile cewa su zaɓi duk amfilifayar da suke ganin ta fi, shi kuma zai sa tasa mai arha ta yi sauti irin nata. Suka kawo wata ta bawul mai tsada ta Conrad-Johnson. Ya yi 'yan kwanaki yana auna bambancin abin da biyun ke fitarwa yana rage shi, daga ƙarshe editocin mujallar suka kasa rarrabe su.

Daidaita ƙara shi ne ginshiƙi. Idan ɗaya ta ɗara ɗaya da ko rabin desibel ne, wato ma'aunin ƙara, ba za ka ji ta fi ƙara ba, za ka ji ta fi daɗi, ta fi buɗewa. Duk gwajin da ba a sa mita an daidaita ba, ni ba na kafa hujja da shi.

Alhaji_Faifai:
Malam Tukur, labarin naka na biyu ai ni ya goya wa baya. In da duk ɗaya suke, me ya sa mutumin ya kwana yana gyara tasa kafin ta yi kama da waccan? Ashe akwai bambanci ke nan, sai da ya kwaikwaye shi. Sannan sauraren minti biyu-biyu a gaban baƙi ana jiran amsarka daban yake da zama da na'ura wata da watanni a ɗakinka.

Malam_Tukur:
Wannan magana ce mai ƙarfi, ranka ya daɗe, kuma na karɓi rabinta. Akwai bambanci tsakanin ta bawul da ta tiransista. Abin da labarin ya nuna shi ne bambancin abu ne da ake iya aunawa a kuma kwaikwaya, ba wani sirri ne da ya tafi da mutanen da ba. Maganar daɗewa ana saurare kuwa, ba na jin tana ƙara wa kunne kaifi, sabo take ƙarawa.

Injiniya_Bashir:
Bari in faɗi inda bambancin yake fitowa, don kada a ce mun ce babu. Lasifika ba ta tsayawa a om 8 da aka rubuta mata, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta, tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantarsa. Amfilifayar da ke riƙe lasifika gam-gam ba ruwanta da wannan. Ta bawul, saboda taransifomar da ke bakin fitarta, riƙonta sako-sako ne, don haka sautin yakan bi hawa da saukar lasifikar, bes ya ɗan kumbura ya ɗan daɗe kafin ya tsaya. Wasu tsofaffin na tiransista na farkon shekarun 1970, irin Marantz 2230, suna da babbar kafasita a bakin fita, ita ma tana taɓa can ƙasan bes. Wannan ana ji, kuma mutum yana da 'yancin ya so shi. AU-717 dai ba ta cikin waɗannan, ita kai tsaye take haɗe da lasifika, har taransifoma biyu gare ta, kowane ɓangare da tasa. In an gyara ta aka kashe maɓallin nan, zan yi mamaki in Sadiq ya iya rarrabe ta da ta abokinsa a lasifika ɗaya.

Lasifika kuma ita ce babbar magana. Manyan na da ba sa bukatar wuta da yawa, wat kaɗan ya ishe su cika ɗaki. Sirara na yanzu sukan yi ƙasa da su da desibel 6 ko fiye, wato suna bukatar ninki huɗu na wuta kafin su yi ƙara ɗaya, wasu kuma suna sauka ƙasa da om 4. A nan ne tsohuwa takan sha wahala ta yi zafi. NAD 3020 da ta fito a ƙarshen shekarun 1970 wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna ne saboda tana jure irin wannan lasifika mai wuya.

Garba_Bawul:
Na ji daɗi da aka zo kan bawul. Dynaco ST-70 gare ni, ƙirar David Hafler ta 1959, wat 35 kowane ɓangare, bawul EL34 guda huɗu. Na san ba ta kai na yanzu a awo ba, ban kuma damu ba. Ku sa goge ko muryar mace a cikinta ku ji. McIntosh ta fara yin MC275 a 1961, ta daina, sannan ta dawo da ita a shekarun 1990 saboda mutane sun ƙi haƙura, kuma har yau ana sayenta da tsada. Masu kuɗin da ke sayenta ba kurame ba ne.

Dokta_Zainab:
Ina aikin gwajin ji a asibiti, bari in sa baki kaɗan. Yaro mai lafiyar kunne yana ji har wajen hz 20,000, wato ma'aunin sirantar sauti. Da shekaru saman yana raguwa, kuma a hankali yake tafiya, mutum ba ya lura. Wanda ya haura hamsin da wuya ya ji abin da ya wuce 14,000, musamman in ya yi zama kusa da janareta ko injin niƙa ko lasifikar biki. Don haka Alhaji da Nura za su iya zama a kujera ɗaya su ji abu biyu daban, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa. Roƙona ɗaya: ko tsohuwa ko sabuwa, in kun tashi daga saurare kuka ji kunne yana ƙugi, ƙarar ta yi yawa, kuma abin da ya lalace a can ciki ba ya dawowa.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Dokta. Zan gwada shimfiɗa kafet da labule mai kauri kamar yadda Nura ya nuna, in ga ko gajiyar za ta ragu.

Baba_Mai_Rediyo:
Garba, ka kula da taka, cikin ta bawul akwai wuta sama da bolt 400, kuma kafasita tana riƙe ta ko bayan an zare daga bango. Kada yaro ya sa hannu.

Ga wanda ke tambayar gyara ko saye, ni ga abin da nake gani a teburina. Tsohuwa in ta lalace ina buɗewa in bi layi da mita in gano abin da ya mutu in canza, don komai a fili yake kuma da ƙafafunsa. Sabuwa in ta lalace, sau da yawa allo guda ake cirewa, allon kuma sai an yi odarsa daga waje, in ma ana samu. Wannan ya sa nake ganin tsohuwa ta fi dacewa da mu. Amma ita ma tana da nata ciwon. Tiransistocin asali da yawa an daina yin su, kasuwa kuma ta cika da jabu masu lamba ɗaya, ka sa su yi kwana biyu su tashi da abin da ke kusa da su. Wadda ke da tiransistan da ake kira V-FET irin na wasu Sony da Yamaha, in ya ƙone sai dai a nemo wata matacciya a cira. Kuma duk wadda ta daɗe a ajiye, kada a soka ta a wuta haka kawai. Mukan haɗa ta ta cikin ƙwan fitila mai zare, in akwai matsala ƙwan ya haska ya riƙe wutar maimakon na'urar ta ƙone.

Sadiq_Gwale:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na kashe maɓallin na saurara daren jiya. Gaskiya nauyin ya ragu sosai, ta matso kusa da abin da na ji a Abuja, amma har yanzu ina jin tawa ta fi taushi a murya. Na yi magana da abokin nawa, ya ce in ya shigo Kano zai taho da tasa mu haɗa a lasifikata, ƙanena ya riƙa sauyawa ba tare da mun gani ba. Injiniya, yaya ake daidaita ƙarar? Baba, in na kawo gyara, duka kafasitocin za a canza?

Injiniya_Bashir:
Ka sauke sautin gwaji na hz 1,000 a waya, ka sa shi, ka auna bolt a bakin wayar lasifika da mita, ka murɗa har biyun su ba da lamba ɗaya. Kada ka taɓa maɓallin ƙara bayan nan. Bes da tirebul su tsaya a tsakiya. Kuma a kashe na'ura kafin a sauya waya.

Baba_Mai_Rediyo:
Ni ba na canza duka sai na auna. Ƙananan da ke kusa da zafi su ne ke fara mutuwa, su nake cirewa. Manyan in sun auna daidai kuma ba su kumbura ba, ina barinsu.

Habu_Nagoya:
Baba, a nan masu gyara da yawa duka suke canzawa in na'ura ta haura shekara arba'in. Hujjarsu ita ce wadda ta auna daidai yau ba ta da tabbas gobe, kuma buɗewa sau biyu ya fi tsada.

Baba_Mai_Rediyo:
Su suna samun na asali a sauƙaƙe, ɗana. Ni in na cire tsohuwa mai lafiya na sa sabuwar da ban san asalinta ba, ban taimaki mai kaya ba. In Sadiq zai iya samo masu kyau ta hannunka, to a canza duka, ba ni da ja.

Alhaji_Faifai:
Ku yi gwajinku, ina jiran sakamako. Amma Sadiq, ko me ya fito, ka mayar da maɓallin nan yadda mahaifinka ya bar shi in za ka saurara da dare ƙasa-ƙasa. Don wannan aka yi shi, Injiniya ma ya faɗa.

Kamal_Jos:
Habu, ni ma ina son kafasitocin Marantz 2270, da ƙananan ƙwayayen fitilar gaba, biyu sun mutu. Zan yi maka magana ta akwatin sirri.